Shekarar da Na Yi Yaɓe Ido a Ɗaure

Jiya ina zaune a ƙofar gida na ji ɗayanku yana cewa ginin ƙasa ba sana'a ba ce, wai duk wanda ya yi wasan laka yana yaro ya iya. Ban tanka ba, don bakina da goro. Yau na tofar, sai ku zauna ku ji. Kun tashi kun tarar da siminti a bariki da kwano a kantin kamfani, shi ya sa kuke ganin duk wanda ya riƙe cokalin gini ya zama magini. To, ni Garba a Ƙofar Dundaye aka yanke cibiyata, kuma tun Bature bai san hanyar Sakkwato ba nake taka ƙasa. Yatsun nan da kuke gani sun karkace, ba ciwo ya karkatar da su ba.

Ubangidana Baba Sanda ne, Allah ya jiƙansa. Mutum ne gajere mai faɗa, in yana bisa bango sai ka rantse da bangon aka haife shi. Shekarun farko ko tubali bai bari na ɗora ba. Aikina in haƙo ƙasa, in zuba ruwa da ciyawa, in shiga in yi ta takawa har cinyoyina su yi rawa, sannan a rufe kwaɓin a bar shi ya ruɓa. In na ce ya yi, sai ya zo ya tsoma babban yatsan ƙafarsa, ko kallona ba zai yi ba, ya ce in koma. Na yi fushi na gudu gidan kawuna, kawun ya kamo ni da kunne ya maido ni. Sai daga baya na gane abin da yake so: ƙafata ta san ƙasa kafin idona ya sani. Ƙasar da ta nuna tana da santsi da nauyi, tana riƙe dunduniya, ga wani ɗan wari da ba ya ɓoyuwa.

Kayan aikinmu ba su cika kwando ba. Gatari, da gizago na gyaran azara, da igiya, da tsani, da dutse mai sulɓi na guga. Saura duk hannu ne. Abin da ke hana ruwa shiga rufi shi ne laso, shi kuwa sai ka bi marina ka kwaso dattin da ya kwanta a gindin rijiyar baba, ka ƙona shi, ka je majema ka roƙo gashin awaki, ka daka saiwar dafara ka tace ruwanta mai yauƙi, ka haɗa. Ranar da kake haɗa laso ko matarka sai ta matsa da tabarmarta.

Masu gida kuwa na ga iri-iri. Akwai wanda zai tsaya a kanka tun safe yana koya maka aikin da bai taɓa yi ba. Akwai wanda ba ya tuna da kai sai ruwa ya ɗiga a kan gadonsa, sai ya zo da rantsuwa wai aikinka ne bai yi kyau ba, alhali rabonsa da yaɓe tun auren fari. Na taɓa yi wa wani baduku ɗaki, ya ce lallai ƙofa ta kalli yamma don ya riƙa ganin masu zuwa kasuwa. Na gaya masa rana za ta gasa shi, ya ce ba ruwana. Bazara na zuwa ya kira ni na toshe ta.

Amma gidan da ya fi cin ƙarfina, kuma na fi so, shi ne gidan Malam Haliru. Babban gida ne na ilimi da sarauta, sai ka wuce zaure ka shiga zaure kafin ka jiyo ƙamshin miya. Kakansa ya kafa shi tun ana zagaye gari da ganuwa, ubansa ya faɗaɗa, shi ma ya ƙara nasa. A tsakiyar gidan, tsakanin wajen maza da cikin gida, akwai wani babban soro inda maigida ke ganawa da manyan baƙi. Uban Malam ne ya sa aka ɗaura shi, Baba Sanda yana saurayi yana miƙa azara.

Ranar da na fara shiga soron nan na manta da sallama. Littattafai ne rataye a bango cikin gafakar jan fata, har da Alƙur'anin da kakan ya rubuta da hannunsa, an ƙawata gefensa da jan tawada da rawaya. Ga sulken da aka je yaƙi da shi, ga takubba masu kube na azurfa, ga wata garkuwa da ta fi ni tsawo a lokacin. A kan dakali an jera tasoshin tagulla aikin Nufe, ƙasa kuma dardumar Masar ce wadda ba a taka ta da ƙura. Duk wannan ba shi ne abin kallo ba. Abin kallo yana sama. Rufin ɗaurin guga ne, bakan gizo sun taso daga kusurwa sun haɗu a tsakiya, kuma tsakaninsu an dasa farantan tangaran, shuɗi da kore da masu zanen furanni, waɗanda ayari ya ɗauko daga arewa a bayan raƙumi, an naɗe su cikin auduga. In hasken hantsi ya shigo ta taga sai su ɗauki ido kamar an wanke su yanzu.

Kowane faranti da dalilinsa. Al'adar gidan ce, in wani babban abu ya faru sai a kira magini ya dasa ɗaya. Malam Haliru yakan ɗaga sandarsa ya nuna wa baƙo: wancan babba na dawowar ubansa daga Makka ne, wannan na shekarar da aka haƙa rijiyar cikin gida, wancan kore na saukar karatun ɗansa na fari. Koren nan ni na dasa shi. Abin da ya kamata ku sani shi ne, faranti in ya shiga ɗanyar ƙasa ta bushe a bayansa, ya shiga ke nan. Ba ya fita sai a fashe.

Kowace bazara, kafin ruwa ya sauka, muke sabunta yaɓen saman soron. A sauran gidaje magini yakan ɗaga murya ya ce za a hau bisa, mata su shige ɗaki, ya yi aikinsa ya sauko. A nan ba haka ba ne, don soron ya fi komai tsawo, wanda ya tsaya a kansa yana ganin cikin gida kaf har makewayi, aikin kuma ba na yini ɗaya ba ne. Saboda haka sai a kwashe mata a kai su rinjin gidan, gonar bayinsu a ƙauye, su sha iska, sannan Malam da bakinsa ya ce mu hau. Ba a taɓa hawa ba sai da wannan kalma tasa.

Sai ga shekarar da Turawa suka shigo. Gari ya rikice, mutane da yawa suka ce ba za su zauna ƙarƙashin Nasara ba, suka nufi gabas. Malam Haliru na cikinsu. Ya bar mahaifiyarsa, da matansa biyu, da 'ya'ya, da ƙanensa Malam Isa, ya ce zai je ya ga wuri ya dawo ya kwashe su. Da zai fita ya ce kada namiji ya hau soro har ya komo. Mu magina kuma aka tattara mu wajen gari muna yi wa sababbin masu mulki ɗakuna, bazara ta wuce ba wanda ya taɓa rufin kowa. Baba Sanda gwiwa ta riga ta kwantar da shi, gidajen da yake yi wa aiki duk sun dawo wuyana. Ko da aka sallame mu, damina ta kankama.

Ban je gida ba sai da na biya ta soron. Ina shiga na ji warin danshi. Na ɗora tafin hannu a ƙafar bakan gizo ta gabas, na ji sanyi har gwiwar hannu, ga wani baƙin tabo ya fara zagaye babban farantin Makka. Ruwa na kwana a bisa, in ya kai ga azara ya ruɓar da ita, rufin nan zai sauko gaba ɗaya da farantansa.

Malam Isa ya riga ya yi abin da zai iya, ya kwashe littattafai da makamai ya kai wani ɗaki. Ya ce mini shi ba zai iya karya maganar wansa ba, sai dai in gwada mahaifiyarsu. Kowa Inna yake ce mata, tsohuwa ce wadda ba ta maimaita magana. Wata dattijuwar baiwar gidan, Ya Gambo, ta kai ni bakin ƙofar cikin gida, na durƙusa, Inna tana bayan asabari.

Na ce, "Allah shi ba ki yawan rai, Inna. Soro na shan ruwa. In ba a hau ba, za shi hwaɗuwa kahin kaka."

Ta ce, "Garba, mi kaka so in yi? Ɗana da bakinai yac ce kar namiji shi hau har shi komo."

"To a kai mata rinji, kamar kullum."

"Wane rinji? Mutanen rinji sun watse, ko mai ɗebo ruwa babu. Tashi ka tahi. Malam na bisa hanya."

Na tashi, amma ban tafi ba. Na sa aka zubo mini ƙasa a ƙofar gidan, na shiga takawa. Kullum da safe sai in zo in juya kwaɓin, in shiga soro in duba tabon, in aika Ya Gambo ta gaya wa Inna inda ya kai. Yau ya kai faɗin faifai, gobe ya kai faɗin tabarma. Amsa ɗaya ce take dawowa. Masu wucewa har sun fara yi mini dariya, wai Garba na kwaɓa ƙasar da ba mai hawa da ita. Malam Isa, da ya ga abin ya ƙi, ya ce ko za a tsira da farantan kaɗai. Na ce ba sa fita. Ya ce a dai gwada ƙarami. Ya hau tsani da wuƙa a hankali ƙwarai, ya zagaye farantin shekarar rijiya, yana ɗan ɗagawa ya tsage gida biyu. Ya sauko da ɓallin a hannu, ranar bai ci abinci ba.

Na je na kai wa Baba Sanda kuka. Yana kwance yana jin zafin gwiwa, ya saurare ni har na gama, sannan ya harare ni.

Ya ce, "Kai dai har yanzu sakarai na. Don mi anka hana hawa? Ba don gani ba? To ido ka yi maka yaɓe ko hannu? Sa a ɗaure maka shi."

Na koma da gudu na gaya wa Inna. Ta saurare ni har na sa rai, sannan ta ce ido a ɗaure ko a buɗe, ƙafa dai ta hau, ita ba ta yi wa maganar ɗanta dabara. Wallahi ranar na ji haushinta. Na fito na ci gaba da taka ƙasata ina magana ni kaɗai.

Ana nan, wata safiya ina cikin kwaɓi sai ga Ya Gambo ta fito da wani baƙin zane a hannu, ta ce Inna na kira. Na iske muryar Inna ta dushe, na ɗauka mura ce ta damina.

Ta ce, "Garba, hau yau. Gambo ta ɗaure maka ido, ba ka kwance shi sai ka sauko waje. Namiji ba shi bin ka. Mata ka kai maka ƙasa."

Ban tambayi abin da ya sauya mata ra'ayi ba, kada ta sake wani. Ya Gambo ta naɗa mini zanen nan ta ƙulle har kunnena ya yi zafi, ta ɗaura mini igiya a ƙugu, ta ja ni zuwa tsani ta cikin gida.

Ku da kuke cewa aikin nan wasa ne, ku rufe ido ku taka daga nan zuwa bakin rijiya ku gani. Ni a kan rufi mai tudu nake, jiƙaƙƙe, mai santsi, ga tsawo. Da rarrafe na fara. Na bi gefen rufin da hannu har na kai indararon gabas, na zura hannu na ji tsuntsaye sun cika shi da sheƙa. Ba wannan ne babban ciwon ba. Kusa da shi na taɓo ganye, ashe ɗan cediya ne ya tsiro, saiwarsa ta huda yaɓe ta yi wa ruwa hanya. Na bi saiwar da yatsa ina tono har na zaro ta duka. Daga nan na shiga ɓamɓare jiƙaƙƙiyar ƙasa. Inda ta mutu takan narke a hannu kamar tuwon da ya kwana cikin ruwa, inda take da rai takan ƙi ka. Da na kai ga azara sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa. Mai lafiya tana amsawa, ruɓaɓɓiya ba ta cewa komai. Na sami waɗanda suka tafi, na yi wa Malam Isa kira ta taga, shi da maza suka tokare rufin daga ciki da gungumen giginya kafin in zare su in sa sababbi.

Matan nan kuwa, waɗanda ko tulu ba su saba ɗauka ba, su suka yi ta hawa da sauka da ƙwaryar ƙasa a ka, matan Malam da 'yan matan gidan da barori. Da farko ba sa yi mini magana kai tsaye. Uwargida tana tsaye kusa da ni, ina jin numfashinta, sai ta ce, "Gambo, hwaɗa mashi ga ƙasa nan ga damatai." Ya Gambo ta maimaita mini kamar daga wani gari aka aiko. Haka muka yi ta yi, har ranar da na ja da baya ina shafe, ban san na kai baki ba. Ƙafata ɗaya ta taka iska. Sai na ji uwargida ta ƙwalla, "Garba, tsaya!" igiya ta shaƙe mini ciki, mata suka taru suka janyo ni kamar ana fid da guga. Na zauna ina haki, su kuma suka fashe da dariyar tsoro. Daga ranar aka sallami Ya Gambo daga aikin tafinta.

Yaɓen damina ba ya son gaggawa. In ka labta da kauri ba zai bushe ba, sai ka shafa siriri, ka jira rana ta taɓa shi, ka ƙara. Ni ba na ganin hadari, sai dai in ji iska ta sauya a wuyana, ko mata su ce gabas ta yi baƙi, mu yi maza mu rufe da zana da fatu. Sau da yawa ruwa ya wanke aikin yini, muka sake daga farko. Gwiwoyina suka sale, gumi yana taruwa cikin zanen yana cin idona, ban taɓa ɗaga shi ba ko don in sosa. Amaryar Malam, yarinya mai yawan raha, takan ce in Malam ya komo ya ji su suka yi yaɓe, sai ya dasa musu faranti nasu na kansu. Kowa ya yi dariya. Inna kuwa kullum tana zaune a gindin tsani tun safe har la'asar, ina jin ƙarar carbinta in zan hau ko zan sauko.

Ranar ƙarshe na shafa laso, na bi shi da dutse ina guga har ya yi sulɓi a tafin hannu. Ina gamawa da la'asar yayyafi ya sauko, ya ɗan yi ƙarfi. Muka tsaya cikinsa ba wanda ya gudu. Sai na ji indararo ya fara zuba, shaaa, ruwa na faɗawa waje inda ya kamata. Malam Isa ya ɗaga murya daga ciki ya ce ko ɗigo babu. Mata suka yi guɗa. Ni kaina na ji daɗin da ban taɓa ji a kan wani aiki ba.

Sai muryar Inna ta taso daga ƙasa.

"Garba, an gama?"

"An gama, Inna."

"Za shi tsayawa?"

"Da yardar Allah, har jikokin Malam."

Ta ce, "To, Gambo, kwance mashi ido."

Na ce, "Inna, maganar Malam hwa?"

Ta yi gyaran murya, ta yi magana yadda kowa zai ji, na bisa da na ƙasa.

"Malam ya riga mu gidan gaskiya. Wani mai komowa daga gabas yaz zo mani da labari, shi yay yi mashi sutura da hannunai. Tun ranar da nic ce ka hau ni da Gambo munka sani. Da na hwaɗi, da matanai sun shiga takaba, gida ya cika da masu gaisuwa, wa ka ɗauko maka ƙasa? Ɗiyanai sun rasa uba. Ba ni bari su rasa soronai."

Na ji ƙwarya ta suɓuce daga hannun wata ta gangara ta faɗa ƙasa. Sai salati, sai kuka ya tashi ta ko'ina, a gabana, a bayana, a tsakar gida. Yatsun Ya Gambo suka taɓa ƙullin zanen. Na dafe shi da hannu.

Na ce, "Bari, Ya Gambo. Ba yau ba. Kai ni ga tsani."

Na sauko ina laluben matakai da ƙafa, hawaye na jiƙa zanen daga ciki. Da na taka ƙasa na san Inna na nan dab da ni, don na ji carbin ya yi shiru. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta amsa da muryar nan tata da ta dushe. Ya Gambo ta kama igiya za ta fitar da ni, sai na ji Inna ta ce mata a hankali:

"In kin kai shi waje ki komo ki kama ni, ki kai ni ɗaki. Ni ma ban yi kukana ba tukuna."